An ga farin tabo a bakin mahaifata: in yi gashin asibiti ko in fara da maganin gargajiya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekaruna 38, haihuwata 6. An yi mana gwajin bakin mahaifa, nas ta shafa wani ruwa, ta ce ta ga farin tabo, wai in dawo a yi mini gashi. Ni kuwa ba inda ke mini ciwo. Wata mai maganin mata ta ce sanyi ne kawai, ta haɗa mini na matsi da na sha, ta ce in dage da zogale da habbatus sauda, wata 3 zai baje. Tsorona kada gashin ya hana ni haihuwa. Me ya kamata in yi, kuma wane abinci ne ke taimakawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki koma a yi miki gashin, kada ki jira wata ukun nan. Zogale ki ci abinki, habbatus sauda ma daidai yadda ake barbaɗa ta a abinci ba ta da laifi. Na matsin kuwa ki ajiye shi tun yau, don shi ne abin da zai iya ɓata miki aiki.

Bakin mahaifa shi ne ƙasan mahaifa da ya leƙo cikin farji, tsawonsa bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba, da 'yar ƙofa a tsakiya inda jinin al'ada ke fita. A kewayen ƙofar nan akwai wani zobe inda fata iri biyu ke haɗuwa, ta ciki mai laushi da ta waje mai ɗan kauri, kuma kusan duk sankarar bakin mahaifa daga wannan zoben take farawa. Ruwan da nas ta shafa khal ne, wato ruwan tsamin da ake kira vinegar, mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5 cikin 100. Ana shafawa, a jira minti ɗaya, a haska da fitila. Ƙwayoyin fatar da suka fara sauyawa sai su yi fari fat da iyaka a fili, lafiyayyu kuma su zauna da launinsu na ja-ja. Wannan farin ba sankara ba ne. Alama ce ta sauyin da kan iya zama sankara bayan shekaru idan aka bar shi. Rashin jin ciwo kuma ba hujja ba ne, domin a wannan mataki babu ciwo, babu wari, babu jini. Ranar da ciwo ya fara, yawanci abu ya riga ya yi nisa.

Abin da ke kawo sauyin ƙwayar cuta ce da ake kira HPV, wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa. Irinta sun fi 100, kimanin 14 daga ciki ne masu haɗari, kuma biyu kacal, lamba 16 da lamba 18, su ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa a duniya. Nan akwai maganar da ya kamata a faɗa a fili, don tana hana mata da yawa komawa asibiti: samun HPV ba shaidar zina ba ce, ba a kanki ba, ba a kan maigidanki ba. Mafi yawan masu aure sun taɓa ɗaukar ta a rayuwa ba su sani ba. Tana iya kwanciya shekara 10 ko fiye ba motsi, tana iya zuwa ta auren fari, ko ta matar da mijin ya taɓa aura ya rabu da ita, ko ta kishiya wadda ita ma daga tsohon aurenta ta zo da ita. Babu gwajin da zai nuna ranar da ta shiga ko wanda ya kawo ta.

Garkuwar jiki tana share ta da kanta a wajen mata kusan 9 cikin 10 cikin shekara 2. Waɗanda ta maƙale wa su ne ke samun sauyin fata, kuma likitoci sun kasa shi mataki uku. Mataki na 1, CIN1, fiye da rabinsa kan baje ba tare da an yi komai ba. Mataki na 2, kusan rabi kan baje cikin shekara 2, musamman a 'yan ƙasa da shekara 30. Mataki na 3 shi ne mai taurin kai. Daga shigar ƙwayar zuwa sankara kan ɗauki shekara 15 zuwa 20 a mace mai ƙarfin garkuwa, amma shekara 5 zuwa 10 kawai a wadda garkuwarta ta raunana, kamar mai HIV da ba ta shan magani.

Ki dubi waɗannan alƙaluma da kyau, don a cikinsu sirrin kasuwar masu maganin mata yake. Idan mata 10 masu ƙaramin tabo suka sha kowane irin jiƙo, ko da ruwan randa ne, shida za su koma asibiti a ce ya baje. Su shidan za su yi ta yabon mai magani a gidan biki da gidan suna. Ragowar huɗun ba wanda zai ji labarinsu, kuma wadda tabonta ya zama sankara bayan shekara 12 ba za ta tuna da jiƙon da ta sha ba, balle ta danganta. Mai maganin ba lallai ƙarya take yi da gangan ba, ita ma abin da ta gani take faɗa. Matsalar ita ce ba ta da yadda za ta san ko ke cikin shidan kike ko cikin huɗun, kuma gwajin khal shi kaɗai ma ba ya bambance mataki na 1 da na 3.

An san abin da ke faruwa idan aka bar mataki na 3, kuma ta hanya mai ɗaci aka sani. A wani asibitin mata a birnin Auckland na ƙasar New Zealand, daga shekarun 1960, an bar mata masu irin wannan tabon ba magani, ana kallo kawai. Da aka bi bayanansu aka wallafa a 2008, an ga kusan kashi 31 cikin 100 sun kamu da sankara cikin shekara 30, alhali cikin waɗanda aka yi wa magani yadda ya kamata ba a kai kashi 1 ba.

Gaskiya ne gwajin khal kan yi zuzutawa, wato wani lokaci kumburi ko wani sauyi mara haɗari ya fito fari. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a duba a yi magani nan take a wuraren da ɗakin gwaje-gwaje ya yi nisa, saboda gashin aiki ne ƙarami, kuma matan da aka ce su je su dawo da yawansu ba sa dawowa. Idan kina da hali kuma kina son ƙarin tabbaci, asibitocin koyarwa suna yin gwajin HPV kanta, suna kuma duba bakin mahaifa da madubi mai ƙara girma su ɗan tsinko tsoka a kai gwaji. Wannan hanya ce mai kyau, da sharaɗin a gama ta cikin makonni kaɗan, kada ta zama dalilin ɗage magani zuwa baɗi.

Shi gashin ga yadda yake. Za ki kwanta kamar na awon ciki, a sa ƙarfen buɗe gaba, a sake shafa khal a ga iyakar tabon. Sai a ɗora kan wata 'yar na'ura mai kamar maɓalli, wadda aka ɗumama zuwa digiri 100, a kan wurin na daƙiƙa 20 zuwa 30. Idan zoben yana da faɗi a matsa gefe a sake, har a rufe shi duka. Ba a sa barci, galibi ko allurar kashe zafi ba a yi, domin bakin mahaifa ba ya jin zafi irin na fatar waje. Abin da za ki ji shi ne murɗar mara kamar ta al'ada, da ɗan ɗumi. Duka aikin bai cika wuce minti 10 ba, ki sauko ki tafi gida da ƙafarki. Wasu asibitocin sanyi suke amfani da shi maimakon zafi: iskar gas ta daskarar da wurin minti 3, a bari ya narke minti 5, a sake daskararwa minti 3. Sakamakon kusan ɗaya ne, sai dai na sanyin ya fi jawo zubar ruwa, kuma yakan tsaya idan gas ya ƙare.

Ba kowane tabo ake gasawa ba. Sai idan ana ganin zoben gaba ɗayansa, tabon bai rufe fiye da kashi uku cikin huɗu na fuskar bakin mahaifa ba, bai shige cikin ƙofar ba, kuma babu alamar sankara. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya saɓa, sai a tura mace a yanke wurin da wata siririyar waya mai lantarki, aikin da ake kira LEEP. Shi ana yin allurar kashe zafi a wurin, yana ɗaukar minti 15 ko makamancin haka, kuma yana da fa'ida guda babba: tsokar da aka cire ana kai ta gwaji, a san matakin da take, a san ko an cire duka. Matan da al'ada ta ɗauke musu sun fi buƙatar sa, don zoben nasu kan janye ya koma ciki. Mai ciki kuwa ba a yi mata ko ɗaya, ana jira sai ta haihu ta gama jego, in dai ba sankara ake zargi ba. Saboda haka in al'adarki ta yi jinkiri, ki faɗa kafin a fara.

Bayan gashi za ki ga ruwa yana zuba, tsararo ko mai ɗan ruwan ƙasa, wani lokaci da ɗigon jini, na mako 2 zuwa 4. Mataccen naman ne ke saɓulewa sabo na tsirowa. Mata da yawa a nan suke tsorata su ce an jawo musu sanyi, su koma ga matsi, su sa wa ɗanyen ciwo ƙwayoyin cuta. Ki sa audugar mata, ki canja a kai a kai, ki yi tsarki da ruwa zalla daga waje. Babu saduwa tsawon mako 4, babu cusa komai, babu zama cikin ruwan zafi ko turaren tsugunno. Gara a yi wa maigida bayani tun kafin ranar, in da hali ma ya ji daga bakin ma'aikaciyar asibitin, domin saduwa da wuri ita ce ta fi jawo zubar jini da shigar cuta. In ya gagara, to da kororon roba. Paracetamol ya isa ga ciwon marar. Ki koma asibiti ba tare da jiran ranar da aka ba ki ba idan kika ga zazzaɓi da rawar ɗari, ko ruwan ya koma mai wari kamar ruɓa, ko ciwon mara mai tsanani, ko jini da ya fi na al'ada ko mai gudaji.

Maganar haihuwa: gashin ba ya shiga cikin mahaifa, ba ya kusantar ƙwai ko bututunsa. 'Yan milimitoci kawai yake ci a fuskar bakin mahaifa, kuma mata suna ɗaukar ciki su haihu lafiya bayansa. LEEP ne ke ɗan ƙara yiwuwar haihuwar bakwaini, gwargwadon zurfin abin da aka yanke, shi ya sa wadda aka yi wa ya kamata ta sanar a wajen awo. Abin da ke raba mace da haihuwa har abada ita ce sankarar kanta, don maganinta ko dai cire mahaifa ne ko wani gashin na daban, na na'urar masu sankara, wanda ke kashe ƙwai.

Yanzu ga matsi. Farjin mace mai lafiya yana da tsami, tsakanin 3.8 da 4.5 a ma'aunin tsami da ake kira pH, kuma wasu ƙwayoyi masu amfani ne ke samar da tsamin, su ne masu gadin wurin. Kanwa da sabulu suna kashe tsamin. Bagaruwa da alimun suna tsotse danshi su sa fata ta tsuke, abin da ake yabawa a ce an matse, amma busasshiyar fata tana tsatstsagewa wajen saduwa, kuma ta waɗannan 'yan tsagogin da ido ba ya gani HPV da HIV ke samun shiga. Tafarnuwa ɗanya tana ƙona fata har ta yi bororo. Ruwan kanumfari mai ƙarfi, miski, man goge baki da wasu ke sawa, duk suna jawo kumburi. Binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna matan da garkuwar farjinsu ta rikice HPV ta fi daɗewa a jikinsu. Ga kuma wata ɓarnar: kumburin da matsi ya jawo yana rikita gwaji, ko ya fito fari a zaci tabo ne, ko ya rufe tabon gaske. Hatta a Amurka akwai masu maganin gargajiya da ke shafa wani haɗin saiwa da sinadari mai cin nama a bakin mahaifa, suna kiransa gashin da ba na asibiti ba. Yana ci ba tare da iyaka ba, yana barin tabo, kuma ba ya barin tsokar da za a gwada.

Ita kalmar sanyi buhu ce da ake zuba cututtuka da yawa a ciki, kowacce da maganinta. Farin abu mai kauri kamar kindirmo da ƙaiƙayi yawanci naman gwari ne, ƙwayar fluconazole ko na sawa na clotrimazole ke maganinsa. Ruwa mai ƙarni kamar kifi, metronidazole ne sau 2 a rana kwana 7. Kumburin bakin mahaifa na gaske, mai ruwa kamar mugunya da jini idan an taɓa, galibi daga cututtukan saduwa biyu yake, gonoriya da kilamidiya. Ana ba da allurar ceftriaxone guda ɗaya, da doxycycline miligiram 100 sau 2 a rana kwana 7, mai ciki kuma a musanya mata da azithromycin. Abubuwa biyu ke sa wannan magani ya ƙi ci. Na farko a yi wa mace ita kaɗai a bar miji da abokan zamanta, sai cutar ta yi ta zagaye gida. Na biyu shan doxycycline da nono, ko madara, ko kunun kanwa, ko maganin ƙarin jini, domin suna riƙe shi ya ƙi shiga jiki. A ba da tazarar awa 2 tsakaninsu. Barin irin wannan kumburin shi ne ke hawa sama ya toshe bututun mahaifa.

Akwai kuma abin da ake yawan mantawa da shi: tsargiya. Matan da suka taso suna wanka ko wanki a madatsun ruwa da gonakin rani, irin na Kadawa ko Bakolori ko gaɓar Tafkin Chadi, ƙwan tsutsar kan maƙale a bakin mahaifa ya yi tabo mai kama da yashi, yana jini idan an sadu. Ana iya shan maganin sanyi shekara da shekaru a banza, alhali praziquantel ne, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki, sha ɗaya. In kin taso a irin wannan wuri ki faɗa wa likita. Shi kuwa abin da ake ce wa mata gyambon mahaifa, sau da yawa ba gyambo ba ne, fatar ciki ce ta leƙo waje ta yi ja, abin da aka saba gani ga masu ciki da masu shan ƙwayar tazarar haihuwa, kuma ba ya buƙatar magani sai in yana damun mace.

Abinci yana da nasa gurbin, kuma ba ƙarami ba ne. Taki yana rage ƙuduji a gona, amma wanda ya riga ya fito sai an sa hannu an tuge shi kafin ya zubar da iri. Gashin zai cire tabon, amma ba ya tabbatar da cewa ƙwayar ta fita daga jiki, wannan aikin garkuwarki ne. An lura cewa matan da ke cin ganye da 'ya'yan itatuwa sosai, waɗanda jininsu ke da isasshen folet (wani bitamin da ke cikin ganye da wake) da bitamin A da C da E, HPV ba ta cika daɗewa a jikinsu ba. Amma da aka ɗauki waɗannan sinadarai aka mai da su ƙwayoyi aka ba mata masu tabo, folik asid da beta-karotin duka, ba su sa tabon ya baje fiye da na waɗanda ba su sha ba. Saboda haka kuɗin da za ki kai kyamis ki kai shi kasuwar kayan miya.

Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar shi ne giram 400 na ganye da kayan marmari a rana, wato kamar cikin tafin hannu 5, ban da dankali da rogo da doya. Babbar mace tana buƙatar maikurogiram 400 na folet a rana, kuma kofi ɗaya na dafaffen wake yana ba da kusan 350. Wato mai cin wake da shinkafa, ko alale, ko ƙosai, ko faten wake sau 4 ko 5 a mako ta riga ta yi nisa. Ki ƙara da kwaɗon zogale ko rama da ƙuli-ƙuli, miyar alayyafo, yakuwa, lalo, tafasa. Bitamin C miligiram 75 ake buƙata, gwaiba guda ɗaya ta wuce haka, haka ma lemo babba, kuma garin 'ya'yan kuka da ake damawa da nono yana da shi sosai. Bitamin A yana cikin karas, kabewa, gwanda, mangwaro, manja da ba a soya shi har ya yi fari ba, da hanta. Hanta sau ɗaya a mako ta wadatar, mai ciki kuma ta taƙaita ta. Gyaɗa da riɗi suna ba da bitamin E. Kada a manta da abin gina jiki, ƙwai, kifi, nono, awara, nama in ya samu, don da shi ciwon zai warke.

Inda ake asara shi ne a tukunya. Folet da bitamin C ba sa jure doguwar dahuwa, kuma kanwa tana lalata bitamin C. Zogalen da aka dafa awa guda da kanwa aka tsiyaye ruwan aka zubar, rabin amfaninsa ya bi kwata. Ki wanke ganye kafin ki yanka, ba bayan yanka ba. Ki zuba shi a ƙarshen miya, minti 5 zuwa 10, a sauke yana kore. Wake ki jiƙa shi tun dare, zai nuna da wuri ba sai an cika masa kanwa ba. Ganyen da za a busar a shanya shi a inuwa. Ki sa ɗan mai a kwaɗo, don bitamin A ba ya shiga jiki sai da maiƙo.

Mai haihuwa 6 ya kamata a duba yawan jininta. In ya yi ƙasa, ƙwayar ferrous sulphate ɗaya a rana ta isa, a ci gaba wata 3 bayan jinin ya dawo. A sha da lemo, kada a sha da shayi, domin shayi na hana sinadarin ƙarfe shiga jiki. A bar awa guda tsakanin abinci da shayi.

Game da habbatus sauda da kurkum da hulba: a gwajin kwalba suna kashe ƙwayoyin sankara, amma abubuwa da yawa suna yin haka a kwalba su gaza a jikin mutum, kuma babu ingantaccen gwaji a jikin mata da ya nuna ɗayansu yana warkar da tabon bakin mahaifa. Ki ci su a matsayin kayan ƙamshi. Ƙwayoyin AHCC na naman kaza da ake tallatawa da tsada a intanet, gwajin da ake kafa hujja da shi mata kusan 50 ne kacal, kuma kan share ƙwayar cutar aka yi shi, ba kan warkar da tabo ba. Idan LEEP za a yi miki, ki dakatar da ƙwayoyin tafarnuwa da aspirin da ba likita ya rubuta ba mako guda kafin ranar, don suna tsinka jini. Jiƙon da aka ba ki na sha, tunda ba ki san abin da ke ciki ba, ni ban ga dalilin ɗora wa hanta da ƙoda nauyinsa ba.

Akwai abubuwan da suka fi kowane abinci tasiri. Ki yi gwajin HIV, ko da kin yi a cikin baya, domin mai ɗauke da ita haɗarin kamuwarta da wannan sankara ya ninka sau 6, tabonta ya fi dawowa bayan gashi, kuma shan maganin HIV kullum yana rage hakan. Taba tana ninka haɗarin kusan sau 2, sinadaranta ana samun su har cikin majinar bakin mahaifa, shisha ma taba ce, hayaƙin na kusa da ke ma ki guje shi. Mai ciwon suga ta daidaita shi. Yawan haihuwa da fara haihuwa da ƙuruciya suna cikin abubuwan da ke ƙara haɗari, wannan ya wuce ba a dawo da shi, amma dalili ne na kada ki yi wasa da komawa gwaji. Abokan zamanki, in kina da su, su ma su je a duba su. Ana fara gwajin bakin mahaifa daga shekara 30, mai HIV daga 25. Na khal duk shekara 3, na HPV duk shekara 5 zuwa 10 ga wadda ba ta da HIV.

'Ya'yanki mata kuma akwai rigakafi. Najeriya ta shigar da allurar HPV cikin rigakafin yau da kullum a watan Oktoba na 2023, aka fara da jihohi irin su Kano da Jigawa da Bauchi da Kebbi, sauran suka biyo a 2024. Allura ɗaya ce, kyauta, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a lokacin gangamin, yanzu kuma an fi mai da hankali kan 'yan shekara 9. Ba ta hana haihuwa. Ana yin ta a duniya tun 2006, kuma waɗanda aka fara yi wa sun girma sun hayayyafa. Ba ta warkar da wadda ta riga ta kamu, shi ya sa ake yin ta kafin aure. A 2020 kaɗai mata kusan 12,000 suka kamu da wannan sankara a Najeriya, kusan 8,000 suka rasu.

Yawan mace-macen nan daga zuwa a makare ne, kuma hanyar makarar sananniya ce. Mace ta ga jini bayan saduwa, ko tsakanin al'ada da al'ada, ko bayan al'ada ta ɗauke mata shekaru, sai ta ɗauke shi istihala, ta tambayi malam hukuncin sallarta, ta samu amsa, ta tsaya nan. Hukuncin sallah daban, dalilin jinin daban. Duk irin wannan jini, da ruwa mai wari da ya ƙi jin magani, sai an buɗe an duba da ido, ba a rubuta magani daga bakin kanta ba. Idan aka tarar da sankara tun tana ƙarama, tiyatar cire mahaifa tana warkar da mafi yawa. Idan ta ɗan bazu, ana haɗa gashin na'ura daga waje, kwana 5 a mako har kusan mako 5, da ƙarin ruwan maganin sankara mai suna cisplatin sau ɗaya a mako, sannan gashin ciki da ake sa wa dab da ciwon, kuma ana so a gama duka cikin mako 8, don kowane tsaiko yana ba ciwon damar farfaɗowa. Akwai cibiyoyin wannan gashi a asibitin koyarwa na Shika a Zariya, da na Sakkwato, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja, a Nijar kuma an buɗe ta farko a Yamai a 2021. Mai wannan jinya tana buƙatar jininta ya kai giram 10 ko fiye don gashin ya ci, ta sha ruwa sosai, ta nisanci jiƙe-jiƙe da magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, domin cisplatin kansa yana wahalar da ƙoda. Masu cewa a hana ta nama da ƙwai wai suna ciyar da ciwon, ramar da ita kawai suke yi.

Ke ba ki kai nan ba, kuma gashin minti 10 yana warkar da fiye da mata 8 cikin 10 a karo ɗaya. Ki zaɓi ranar da ba kya al'ada, ki daina duk wani matsi tun yanzu, ki tafi da audugar mata a jaka. Ki tambayi wadda za ta yi miki ko ana ganin zoben duka, ki sa a rubuta miki a kati irin gwajin da aka yi, da irin maganin, da kwanan wata. Bayan wata 12 ki koma da katin a sake dubawa, in da hali da gwajin HPV, ko da kina jin kanki garau. In an ga saura, ana sake gashin ko a yi LEEP.